Sojan da Ba Ya Amsa Sunansa

Samarin da ke zama a bencin ƙofar shagona sun ce wai aikin da na yi suna da shi a Nima ba aiki ba ne. Ɗayansu, wanda ya yi boko har ya sa tabarau, ya ce da ni, "Baba Sule, ai soja hukuma ce. Ka je ofis, ka faɗi sunan mamaci, a buɗe maka littafi, shi ke nan." Ban amsa masa ba, don in na buɗe baki a lokacin, zagi ne zai fito. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Wanda ya iya karatu ya karanta wa saura.

Ni ɗan gwanjo ne. Sule Mai Bargo ake ce mini daga Nima har Alajo, unguwannin Accra. Bayan yaƙin Bama, can ƙetaren teku a yaƙin duniya na biyu, kayan soja sun cika Accra: bargo, takalmi, kwano, gorar ruwa, babbar kwat ta ruwan sama. Sojojin da aka sallama suna sayarwa don su ci abinci, mu kuma muna saye mu sayar wa 'yan kaya da direbobi masu kwana a hanya. Neman sojan da bai dawo ba, wannan ba ni na neme shi ba, kayan ne suka jawo mini shi. Mace za ta zo ta tsaya a gaban tebur, ba ta taya komai, tana juya bargo tana duban kusurwarsa. In ka ga haka ka san ba sanyi take ji ba.

Wanda ya koya mini duka biyun Saje Dogo ne, tsohon soja tun yaƙin Jamus na farko. Na iso Accra daga ƙasar Katsina a bayan fataken goro, ba ni da kowa, ya ɗauke ni ina yi masa dakon kaya. Ranar farko na kawo masa wata gorar ruwa da na goge har tana ƙyalli, ina jiran yabo. Ya juya gindinta, ya ga na kankare lambar da ke jiki da yashi, sai ya kwaɗa mini ita a ka.

"Ka san abin da ka goge? Mutum ka goge."

Daga ranar ba a sayar da ko cokali a teburinmu sai an kwafe lambarsa a littafi, da sunan wanda ya kawo, da inda yake kwana. Kayan aikin ba su da yawa: wannan littafi mai bangon fata, da gilashin mai gyaran agogo, da toka da lemun tsami na fito da lambar da tsatsa ta cinye, da goro a aljihu na buɗe bakin tsofaffin soja. Sauran duk ƙafa ce.

Ga abin da mai tabarau bai sani ba. Suna ba ya kai ka ko'ina a littafin soja. Baturen da ke ɗaukar mutane ba ya tambayar sunan uba. Sunanka na farko zai rubuta, ya dubi fuskarka, ya liƙa maka ƙabila: Musa Moshi, Ali Gurunshi, Amadu Zabarma, Garba Hausa. Na ga shafi bayan shafi da idona ba komai sai Musa Moshi. Uwa ta haifi ɗa, aka yanka masa rago, aka raɗa masa suna, wani ya zo daga ƙetaren teku ya mai da shi kamar buhun albasa. Lamba ce kawai ke rarrabe su. Saje Dogo ya kuma koya mini cewa lamba tana da maƙwabta. A jere ake bayar da ita, mutum bayan mutum, a layi ɗaya, a rana ɗaya. In ka rasa mai lamba, nemi wanda ya tsaya a gabansa ko a bayansa ranar da aka ɗauke su. Wani daga cikinsu yana nan da rai yana gadin kanti a cikin gari.

Yana da wata doka kuma wadda ba ta shafi lamba ba. Ya ce ko me na tono, kada in kai maganar Zongo, unguwarmu ta 'yan arewa, wurin gwamnati. Mu baƙi ne, in muka fara kai junanmu ƙara, ranar da za a share mu ba za a tsaya tantancewa ba.

Aikin da zan ba ku labarinsa ya zo mini shekara biyu kafin Turawa su sauke tutarsu. Wata mata ce, Hajara, mai dafa wa baƙi abinci a gidan Alhaji Tanko. Alhaji Tanko kuwa babban maigida ne a Nima, dillalin albasa, mai motoci uku. Duk Ba'are ko Bagobiri da ya sauko daga ƙasar da Faransa ke mulka gidansa yake sauka. Ni kaina da bakinsa aka ba ni wurin da na kafa tebur a kasuwa.

Hajara ta zo da hantsi da wani ƙunshi a hammata. Na ce ta faɗi sunan mijin. Ta sunkuyar da kai.

"Sunan Ma'aiki gare shi."

"Wanne daga ciki? Muhammadu, Mamuda, Amadu?"

Ta girgiza kai. Mace ba ta kama sunan miji, kuma shekara goma sha uku da ya yi ba ya nan ba su sa ta sake ba. Sai da na riƙa jero sunaye, da na zo kan Mamman ta ɗaga kai. Mamman ne, Ba'are daga Dogondutsi, karen motar Alhaji ne kafin yaƙi. Ya shiga soja, ya zo hutu sau ɗaya kafin a sa su a jirgin ruwa, bai sake dawowa ba. Na tambayi kamanninsa kamar yadda nake tambayar kowa. Tsagar Arawa a kumatu, ƙaramin yatsan hagu guntu, bel ɗin inji ya cinye shi.

Abin da take so a fili yake. Ita ba matar aure ba, ba bazawara ba, ba mai takaba ba. Sau biyu ta je wurin liman a raba ta da wannan zama, sau biyu ana ce mata ba a yanke hukuncin ɓatacce a kan mutumin da ake gani. Gani kuwa ana ganinsa. Duk shekara sai wani direban Alhaji ya dawo da labarin an ga Mamman a Kumasi, ya gudu daga soja, ya auri wata Ba'ashantiya, yana tuƙin motar katako. Matan gida har waƙa suke yi mata da shi a bakin turmi.

"Malam Sule," ta ce, "ba kuɗinsa nake nema ba. In yana Kumasi, a kawo mini takardata. In ya mutu, a yi masa addu'a kamar ɗan Musulmi, in yi takabata. Ɗaya daga ciki."

Ta kwance ƙunshin. Kwanon soja ne, irin mai marfi, wanda ya bar mata ranar hutun. Na shafa toka da lemun tsami a gindinsa, lamba ta fito tsaf, an buga ta da ƙusa.

Washegari na hau mota zuwa ofishin da ake ajiye takardun soja. Ku da kuke cewa a buɗe littafi, ku je ku zauna a bencin nan. Babu inuwa. Akwai wata 'yar taga, a bayanta akwai akawu, shi kuma aikinsa na farko shi ne ya nuna bai gan ka ba. In ya gaji da rashin ganinka sai ya ce, "Ko bira ochina," wato je ka dawo gobe. In ka juya kana ji yana ce wa na kusa da shi "pepeni", sunan da suke kiranmu da shi mu 'yan arewa. Mutanen da ke kan bencin su ne suka ba da 'ya'yansu aka kai dajin da ko sunansa ba su iya faɗa ba, shi kuwa bai taɓa jin ƙarar bindiga ba sai ta bikin Kirsimeti. Sau shida na je. A na bakwai na tafi da wata kwat ta ruwan sama mai kyau, na manta da ita a kan tagarsa. Nan da nan idonsa ya buɗe.

Ya jawo wani ɗan kati daga akwati ya karanta mini. Lambar ta Habibu Hausa ce, direba, an kashe shi a Bama.

"Ba Mamman ba?"

"Ka ga Mamman a nan? Mutuminka ɓarawon kwano ne."

A nan na yi kuskuren da har yau ban yafe wa kaina ba. Na yarda da shi. Kwanon soja yawo yake, ana musanya, ana cin caca da shi, ana sata. Wa ya fi ni sanin haka? Na dawo na ce da Hajara kwanon ba na mijinta ba ne, na wani Habibu ne. Na tambaye ta ko ta san wani Habibu, ta ce ba ta taɓa ji ba.

"Da hannunsa ya ba ni," ta ce.

"Ni ma da hannuna nake sayar da irinsa kullum."

Ta dube ni, ta ture kwanon zuwa gabana. "To riƙe shi. Ranar da ka gama sayar da bargo sai ka duba da kyau."

Shekara guda kwanon nan yana ƙarƙashin teburina ina zuba maɓallai a ciki. Saje Dogo a lokacin ido ya tafi, sai dai a kawo shi ya zauna a bayan tebur yana shafa kaya. Wata rana hannunsa ya faɗa kan kwanon, ya bi lambar da ɗan yatsa, ya tambayi na wane ne. Na ba shi labari.

"Me maƙwabtanta suka ce?"

Na ce ban tambaye su ba.

"Ba ka tambaye su ba. Akawu ya karanta maka kati ka dawo kana taƙama. Shekara nawa na ɓata a kanka, ɗan Katsina?"

A ranar na zauna da littafin, shafi shafi. Kafin la'asar na samu. Shekaru baya wani Kofur Atinga, Bafarafare, ya sayar mana da ɗamara, lambarsa biyu ce tsakaninta da ta kwanon. An rubuta yana gadin wani wurin sayar da katako kusa da Agbogbloshie.

Mai gadi da safe ake kama shi, lokacin da ya sauka aiki, kafin barci ya ɗauke shi. Na same shi a wurin mai koko. Na saya masa koko da ƙosai, na ajiye goro biyu a gefe, ban ce komai ba sai da ya suɗe kwano. Sannan na karanta masa lambar. Tsohon soja yana iya manta sunan surukarsa, ba ya manta lambar abokin layinsa. Ya buga cinya, ya yi magana da Hausar bariki.

"Habibu Kurma! Rana ɗaya mun shiga. Shi yana gaba, wani Bagurunshe yana tsakiya, ni yana baya."

"Kurma? Soja na ɗaukar kurma?"

"Kunne nashi lafiya lau, maigida. In ka buɗe gwangwanin kifi bayan tanti, shi ne na farko zai zo. Amma in saje ya kira Habibu, sai ya tsaya yana duba sama kamar ana kira wani. Saje ya kira sau uku, ya zo ya mare shi. Wata uku yana sha mari kafin ya koya sunanshi. Mu muna dariya, mun ce wane irin mutum ne uwanshi bai gaya mashi sunanshi ba."

Nan na gane ba kunne ba ne, sunan ne ba nasa ba. Na ce ya kwatanta mini shi. Ya ja yatsa daga gefen bakinsa zuwa kunne, ya ɗaga hannun hagu ya lanƙwasa ƙaramin yatsa.

Na tambaye shi yadda ya mutu. Ya ce suna bin wata hanya a gefen kogi, motoci a jere, ɗauke da shinkafa da harsashi, jirgin sama ya sauko ya bi su da wuta. Shi da wasu suka jawo shi daga cikin motar. Bai mutu nan take ba.

"Ya ce a gaya ma Hajo. Sau biyu ya faɗa. Mu ba mu san Hajo ba. Musulmai na cikinmu sun yi mashi salla, sun ce Allah ya ji ƙan Habibu, mun rufe shi."

Na koma ofis. Wannan karon ban nemi kati ba, na ce babban fayil nake so, wanda aka cika ranar da aka ɗauke shi. Shi ne abin da ya kamata in nema tun farko, domin suna bakin mutum ne ke faɗa, amma fayil jikin wanda ya tsaya a gaban likita yake rubutawa. Ya ci mini takalmi ƙafa biyu da mako uku a kan benci. Da aka kawo shi, gara ta ci gefe ɗaya, amma abin da nake nema yana nan. Tsaga a kumatu biyu. Ƙaramin yatsan hagu guntu. A wurin da ake rubuta wanda za a sanar in an mutu: uba, Tanko, Nima. A bayan fayil ɗin an maƙala wata 'yar takarda mai nuna an kai sanarwar mutuwa gida an karɓa. Wanda ya karɓa ya sa hannu da ajami. Na san hannun nan. Kullum ina ganinsa a takardun lodin albasa.

Abu ɗaya ya rage, wane ne Habibu? Na kai wa Saje Dogo, ko tunani bai yi ba.

"Uban Tanko sunansa Malam Habibu, na san shi yana sayar da goro. Ɗan Tanko na fari mai sunan kakansa ne."

Baba Ƙarami ke nan. Duk Nima da wannan suna ta san shi, domin ba wanda zai kama sunan mahaifin Alhaji a gidan Alhaji. Hajara ta yi shekaru tana zuba masa tuwo ba ta taɓa jin an ce masa Habibu ba. Sunan yana wuri ɗaya kawai, a kan lasin ɗinsa na tuƙi.

Ku ba ku ga zamanin ba, bari in gaya muku. Da yaƙi ya yi zafi, Turawa sun rasa direbobi, sai suka bi littafin lasin suna aika wa masu shi takardar kira, dole. Takarda ta zo wa Habibu. Alhaji ya tura ɗansa arewa sayen albasa har yaƙi ya ƙare, ya kira karen motarsa wanda ya iya tuƙi amma ba shi da lasin, ya ba shi lasin da takardar kira. Mamman zai ce a'a? Alhaji ne ya sauke shi, shi ya ba shi ɗaki, shi ya tsaya masa ya yi aure. Bature kuma bai tsaya duban hoto ba, duk fuskarmu ɗaya ce a wurinsa.

Wannan ban ce ya yi kyau ba, amma an yi irinsa, na ga uku ko huɗu. Abin da ban taɓa gani ba shi ne na bayan. Sanarwa ta zo, mutum ya sa hannu, ya naɗe ta, ya shiga gida ya ci tuwon da matar mamacin ta tuƙa. In ya ce Mamman ya mutu, za a tambaye shi ta yaya ya sani, a nemi takarda, a ga sunan ɗansa. Sai ya ƙirƙiro Kumasi. Shekara goma sha biyu yana aika gawa Kumasi tana auren Ba'ashantiya.

Hajara na fara gaya wa, a bayan kasuwa. Na gaya mata har da saƙon Hajo. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce in ba ta kwanonta.

Sannan na je zauren Alhaji, na tsuguna na gaishe shi yadda ya kamata, na bari baƙi suka watse. Na faɗi abin da na gani. Bai musa ba. Ya ci gaba da jan carbi.

"Sule, wa ya ba ka wurin tebur?"

"Kai ne sanadi, Alhaji."

"To. Yaron nan ni na ciyar da shi, ni na yi masa aure. Matarsa tana cin abincin gidana tun ranar da ya tafi, ban taɓa ce mata ta fita ba."

"Ta ci, Alhaji. Ita ce kuma ke dafawa."

Ya ajiye carbin. "Tashi ka fita."

Abin da na roƙa bai da yawa. Ya gaya wa liman Mamman ya rasu, shi ke nan. Ya ƙi. Na je wurin liman da kaina. Liman ya saurare ni har ƙarshe, ya ce yana bukatar shaidu biyu Musulmi. Atinga ba ya salla, takarda ta Nasara ce, kuma sunan wani ne a kanta. Ban ce ya yi ƙarya ba, a littafi haka ne. Amma rufin kwanon masallacin Alhaji ne ya saya, ni da liman duk mun san haka.

Wannan ita ce shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata. Cikin mako biyu aka ce wurin teburina na wani ne. Na koma Maamobi a bakin babbar kwata, inda mai saye sai ya toshe hanci. Direbobin Alhaji da 'yan kayansa, waɗanda su ne rabin cinikina, suka daina zuwa. Mutanen da na nemo musu 'yan'uwansu suna ganina su tsallaka titi. Aka ce ni mai tonon asiri ne, na zama ɗan sandan ciki. Da damina ta sauka kwata ta cika ta shigo rumfar, bargo ya jiƙe ya yi funfuna, na kwashe da hannuna na zubar. Littafin kawai na fitar, a kaina na ɗauko shi. Hajara kuma tana can tana tuƙa tuwo, don ba ta da inda za ta, kuma a idon shari'a har yanzu matar wani ce da ke Kumasi.

Ina da abin da zan yi tun ranar farko, dokar Saje Dogo ce ta ɗaure ni. A ƙarshen daminar Allah ya yi masa rasuwa. Muka kai shi, muka dawo, na bari aka yi sadakar bakwai. Kashegari na tafi Agbogbloshie, kasuwar da ake sauke albasa.

Motar Baba Ƙarami ta iso daga arewa, 'yan kaya suna sauke albasa, shi yana zaune a gaban mota ya miƙe ƙafa ta taga yana cin rake. Alhaji yana kan kujerarsa a inuwa. Na gaishe shi, bai amsa ba. Na matsa kusa yadda ba wanda zai ji.

"Alhaji, mutum ɗaya ne ya mutu a Bama. Ofishin soja ya ce Habibu ne. Ofishin lasin ya ce Habibu na tuƙi. In Mamman yana Kumasi, to wancan mai cin rake gawa ce, kuma ranar Litinin zan kai wa hukuma takardu biyun ta san yadda za ta binne shi."

Ya ɗago. "Za ka kai maganar Zongo wurin gwamnati? Kai, yaron Dogo?"

"Zongo na fara kai wa, Alhaji. Shekara guda ke nan ina jiran amsa."

"Ba za ka sake sayar da ko allura a Nima ba."

"Yanzu ma ba na sayarwa. Ka zaɓi wanda ya mutu, kafin Litinin."

Da zan kai ko ba zan kai ba, ban sani ba har yau, kuma ba a kai ga gwadawa ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, Alhaji ya ja liman gefe ya ce labari ya iske shi daga majiya mai ƙarfi cewa yaron nan ya rasu a yaƙi. Shaidu biyu Musulmi suka samu nan take, shi da ɗansa. Yadda suka sani ba wanda ya tambaya. Bai taɓa cewa ya yi laifi ba, har ya mutu.

Liman ya aika wa Hajara cewa iddarta ta cika tun shekarun baya, domin daga ranar mutuwa ake ƙirgawa, ba ta da wani zama a kanta. Ta ce a gaya wa malam ta gode, amma za ta zauna. Wata huɗu da kwana goma, a ɗakin da mijinta ya bar ta, ba ta ɗora tukunyar kowa. Haka aka yi. Duk baƙon da ya sauka a gidan ya ji tuwo ya canza sai ya tambaya, a ce masa mai dafawa tana takaba, ya ce wa ya rasu, sai an ba shi amsa a gaban Alhaji.

Ranar addu'a aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, maza a gaba, mata a bayan zana. Atinga ya zo da tsohuwar rigarsa ta soja ya tsaya daga bakin ƙofa, ƙafa a haɗe. Liman ya ɗaga hannu, sai ya juya ya ce, "Alhaji, mamacin, wane ɗan wane?"

Alhaji ya buɗe baki. "Yaron nan... karen mota..." Ya dubi ɗansa, ɗan ya dubi ƙasa. Ba su san sunan ubansa ba. Ba su taɓa tambaya ba.

Sai murya ta fito daga bayan zana, da ƙarfi, yadda har na titi zai ji.

"Mamman ɗan Isa. Mamman ɗan Isa, Ba'are, na Dogondutsi."

Wata tsohuwa ta ce "Subhanallahi," don ba a taɓa jin mace ta kama sunan mijinta a bainar maza ba a gidan nan. Liman ya maimaita sunan yadda ta faɗa, muka shafa.

Da takabar ta cika ta bi motar albasa ta wani, ba ta Alhaji ba, ta koma garinsu da kwanonta. Ni kuma sai da na yi shekara uku kafin in sake samun wuri a kasuwar Nima. Sau uku na sa aka rubuta wa ofis a gyara sunan, lokacin Turawa sau ɗaya, bayan tafiyarsu sau biyu. Ba a taɓa amsa mini ba. A littafina, kusa da lambar, na soke Habibu Hausa na rubuta abin da ta faɗa. Nan kaɗai yake a rubuce a duniya.

Yanzu kai mai tabarau, tashi ka je ofis. Ka ce Mamman ɗan Isa kake nema, a buɗe maka littafi.